Farar Ƙafa a Gidan Gaba

Yanzu ba mai sauraron mota. Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni zai kai ni a duba min idanu, muna tafe motarsa ta fara 'yar shaƙuwa, sai ya ratse wurin wani bakanike. Ina zaune ina jiran a buɗe gaba a kasa kunne, sai na ga mutumin ya ɗauko wani abu kamar waya ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya tsaya yana karatu. Na ce masa, "Ba za ka ji abin da take cewa ba?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kwamfuta ta riga ta faɗa." Tun da muka dawo nake juya abin a raina ni kaɗai a zaure, don waɗanda za su gane abin da ya ba ni haushi duk sun riga ni tafiya. Tsufa ba ciwon gwiwa ne kaɗai ba, har da ka rasa wanda za ka ce wa "ka tuna?"

Lokacin da nake saurayi, motocin garin Gaya ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowace da muryarta. Da safe za ka ji daka daga gida zuwa gida, ka ji guga na bugun bakin rijiya, jakuna na kuka a hanyar gona, sannan can ka ji an tayar da inji. Mace tana tsakar gida tana tankaɗe za ta ce, "Ta gidan wane ce ta tashi," kuma ba ta kuskure. Wadda nake ja ta Baffana ce, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar iyayena. Motar katako ce mai shan fetur, da hannu ake juya ta kafin ta tashi, in ta yi maka tutsu ta kusa karya maka kafaɗa. Gyaɗa muke ɗauka da kaka, sauran lokaci kuma 'yan kasuwa da awakinsu, daga Gaya zuwa Ajingi, mu leƙa ƙauyukan da ke gefe. Hanya duk rairayi ce. In mota ta kafe, kowa sai ya sauko, mai rawani da mai tallan daddawa, a sa kafaɗa a tura ana salati. Direba a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne, ni kuwa har da 'yar karkata hula. In na tuna yadda nake ɗagawa mutane hannu daga kan sitiyari kamar wani hakimi, kunyar kaina nake ji.

A Toranke na fara ganin wadda ta zama matata. Mota ce ta yi zafi a ƙofar gidansu, na aika a roƙo min ruwa, sai ga ta da ƙwarya a ka. Ta tsaya tana kallo ina ɗura wa lagireto, ta ce, "Ashe ita ma ƙishirwa take ji." Daga ranar motata ta koyi yin zafi a Toranke ko da sanyin safiya. Ba a yi wata doguwar magana ba, iyaye suka shiga, bayan kaka aka ɗaura aure aka kawo ta Gaya. Shekarar ce damina ta yi mana rowa, gyaɗa ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa. Mutane suna cikin ƙunci, ni kuwa ina cikin daɗina, ban ma lura ba.

A al'ada amarya ba ta zuwa gida da wuri, amma mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ita kaɗai ce 'ya mace, sai Baffa ya yarda in riƙa kai ta ranar kasuwar Ajingi, ta kwana biyu, wanta ya dawo da ita a jaki. Ranar farko na sa ta a gidan gaba, kusa da ni. Ba mu yi nisa ba na ga ta toshe hanci da gefen mayafi. Da na tambaye ta, ta ce a hankali, "Malam, warin man nan ne ke juya min ciki." Ita ta faɗa ta manta, ni na riƙe. Daga nan duk ranar da zan ɗauke ta, ina idar da sallar asuba sai in zagaya bayan gida inda mota ke kwana, in ɗaga bonet, in goge inji da kananzir da tsumma, in kwara masa garwa biyu ta ruwa har sai ya yi fes. A ɓoye nake yi. Rijiyoyi sun yi ƙasa, guga na fitowa da rabin laka, in aka gan ni ina yi wa ƙarfe wanka da ruwan sha sai an ce na taɓu. Abin da ya fi wannan kuma, in abokaina na tasha suka ji cewa don hancin amarya nake yi, na shiga uku, sunana ya koma mijin-ta-ce har in mutu. A zamaninmu namiji ya gwammace a ce masa mugu da a ce yana son matarsa. Yaran yanzu kuwa sai ka ga mutum riƙe da jakar matarsa a tsakiyar kasuwa ko a jikinsa. Da ina yi musu tsaki, yanzu na daina.

A tafiya ta biyu motar ta fara abin nata. Ta tashi lafiya, mun fita gari lafiya, amma da muka shiga rairayi na taka totur, sai ta yi kamar mai tuntuɓe. Ta ja, ta saki, ta ja, ta saki, bututun salansa ya yi tas kamar an harba bindiga, awaki suka rikice a baya. Haka muka yi ta lallaɓawa. Ina sauke amarya a Toranke, na juya, sai mota ta miƙe garau kamar ba ita ba. Duk sauran kwanakin mako ko tari ba ta yi. Ranar kasuwa ta zagayo, na sake ɗaukar matata, mota ta sake.

Bakanikenmu wani tsoho ne da muke ce wa Baba Soja, Babarbare ne, a soja ya koyi gyaran mota, rumfarsa na ƙarƙashin wata ceɗiya a bakin gari. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka kawo masa mota ba ya taɓa ta sai ya sa ka tayar, ya rufe ido, ya dafa wani dogon ƙarfe a jikin injin ɗaya bakin a kunnensa. Sau uku ina kai masa, sau ukun tana yi masa kuka mai daɗi. Ya wanke kafireto, ya kankare fulogi, ya sa na riƙa tace fetur da ƙyalle. A banza. A zuwa na uku ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya ya ce, "Ɗana, inji abu uku yake ci, mai da iska da wuta. Mai da iska in sun yi laifi kullum suke yi, ba su da wayo. Amma ciwon da ke zuwa ya koma, ya ga likita ya ɓuya, wannan wuta ce ke ɓata hanya. Kuma ba ta ɓata haka kawai. Me kake yi ranar nan da ba ka yi sauran ranaku?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya dube ni. "Ka tuna dai."

"Wallahi babu, sai kaya da mutane."

Har ga Allah ban haɗa wankin da ciwon ba. A ganina wanka gyara ne, ta yaya gyara zai zama ɓarna? Amma ko da ban haɗa ba, ya tambaye ni, na san akwai abu guda, na haɗiye shi don kunya. Har rantsuwa na yi a kai.

Abin da na ƙi faɗa, wata tsohuwa mai sayar da kuka ta cike gurbinsa. Rannan mun kafe, kowa ya sauko yana turi, sai ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wai ku ba ku lura ba ne? Motar nan ba ta gardama sai ran da amarya ke gidan gaba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin mako ya zagayo dariyar ta ƙare, magana ta zauna: farar ƙafa gare ta, duk inda ta taka arziki ya gudu. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Gyaɗar da ta ƙi tun kafin a ɗaura aure aka ɗora mata. Saniyar Baffa ta mutu, ita ce. Ciwon mahaifiyarta ma ita ce. 'Yan kasuwa suka fara tambaya tun a tasha, "Yau da amarya za a tafi?" In na ce e, sai su ɗauki kayansu su nemi jaki. Mata in sun shigo gidan, kafin su dubi fuskarta sai sun dubi ƙafarta. Na lura ta shiga yin ƙunshi a kai a kai, wani bai goge ba ta ɗora wani, har tafin ƙafarta ya yi baƙi ƙirin. Na gani, na gane, ban ce mata komai ba.

Baffa ya kira ni zaure bayan la'asar. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, motar nan ita kaɗai ta rage masa a shekarar. Ya ce, "Kai, ruwa ba ya tsami banza. Na yi shiru na ga iya gudun ruwanka, ba ka da niyyar yin komai. Ni ban ce yarinyar nan ta yi da gangan ba, halitta ce. Amma gidan nan baki nawa ke ci daga motar nan? Ka zaɓa, ko mota ko mata."

Na ce, "Baffa, a ƙara min lokaci."

Ya ce, "Lokaci na Allah ne. Ka ji abin da na ce."

Ban zaɓa ba, na yi abin da matsorata ke yi. Ranar kasuwa na kai matata Toranke, muna tafe mota na fizga. Da za ta sauka na ce, "Ki zauna wurin Inna tukuna, sai na neme ki." Duk macen ƙasar nan ta san ma'anar wannan magana. Ta ce, "To, Malam." Ta ɗauki ƙullin kayanta ta shige, ba ta waiwayo ba.

Wata biyu mota ba ta yi ko atishawa ba. Fasinja suka dawo, Baffa ya saki fuska, 'yan tasha suna ce min na auna arziki. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni ma na fara yarda. Kullum in ta shiga rairayi ta wuce sumul, sai wani abu ya ce min a zuci, ka gani ko? In na dawo gida kuma in tarar da ɗakin matata a rufe, kwanukan jerenta sun yi ƙura, tsintsiyarta na jingine inda ta bar ta. A gidan Baffa nake cin tuwo, in koma in zauna a bakin ƙofa ina jin matan maƙwabta na hira ta kan katanga. Ban taɓa sanin gida yana da faɗi haka ba. Kewarta ta ishe ni, tsoronta kuma ya ishe ni, na rasa wanda zan bi.

Sai mahaifinta ya aiko wanta da saƙo, cikin mutunci: ko a zo a ɗauke ta, ko a ba ta takardarta ta san matsayinta. Baffa ya ce, "To, ka ji." Na zauna na rubuta da ajami, layi uku, na ninke na sa a aljihu. Baffa ya ce in ba wan nata ya tafi da ita. Na ce a'a, ni zan kai da kaina. Gaskiyar magana so nake in ƙara ganin ta ko sau ɗaya. Da asubar ranar, ban ma yi shawara da kaina ba, na tsinci kaina a bayan gida da garwa da tsumma. Na san ba shiga za ta yi ba, amma hannuna ya saba, in za a je wurinta sai an yi wa inji wanka.

Ko gari ban gama fita ba motar ta fara. Ta ja, ta saki, ta yi tas. Ni kaɗai ne a ciki, gidan gaba ba kowa. Allah ya sa ceɗiyar Baba Soja na gabana kaɗan, na lallaɓa na kai ta tana ɗingishi. Tsohon yana alwalar walaha, ya ajiye buta ya taso da sauri yana cewa, "Kada ka kashe! Yau dai ɓarawo ya shigo da rana." Ya ɗaga bonet ya tsaya. Bai ɗauko ƙarfensa na saurare ba. Ya sa yatsa a wani lungu na injin, ya ɗago shi a jiƙe.

"Wa ya wanke injin nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"A wannan farin? Yaushe ka fara?"

Na kau da kai. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa min." Na sunkuyar da kai na gaya masa duka, har da maganar warin mai da hancin amarya. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

Akwai wata baƙar hula a jikin inji wadda wayoyin fulogi ke fitowa daga kanta, ita ke raba wa kowane fulogi wutarsa. Ya sa na kashe, ya cire ta, ya goge ciki da waje da bakin rigarsa, ya shanya ta a rana na ɗan lokaci, ya mayar. Na juya hannu, mota ta tashi lafiya lau, na taka totur ta amsa. Sai ya ɗauki butarsa ya cika baki da ruwa, ya fesa wa hular kamar mai yi wa mara lafiya tofi. Nan take inji ya fara shaƙuwa. Ya jawo wani tsohon tamfol ya lulluɓe mu da shi tare da injin don wurin ya yi duhu, ya ce, "Duba." Sai na ga wata 'yar wuta shuɗiya tana tsalle a gefen hular, tana ɗan ƙara, ƙyas, ƙyas, tana bin jikin ƙarfe maimakon ta bi waya. Da muka fito ya sake cire hular ya nuna min a hasken rana. Tsaga ce siririya kamar silin gashi, sai ka karkata ta sannan ka gan ta.

Ya ce, "In ta bushe ba ruwanta da kowa. In ruwa ya shiga tsagar nan, wuta ta sami gajeriyar hanya, fulogi ya zauna da yunwa. Kafin ka kai Toranke zafin inji ya busar da ita, sai yarinya ta sauka, mota ta warke. Da an yi damina ta kirki da tuni ruwan sama ya tona ta." Ya miƙo min hular. "Ga mai farar ƙafar taku. Sau nawa na tambaye ka?"

Ya ciro wata hular daga wata matacciyar mota da ke bayan rumfa ya ɗaura min, ya ce in tafi, kuma in ina so in yi ta wanka har in gaji.

Ban san yadda na isa Toranke ba. Na tarar da mahaifinta a ƙofar gida yana gyaran igiya, na durƙusa na gaishe shi, na shiga nuna masa tsaga ina bayani, wuta kaza, ruwa kaza. Dattijon bai gane rabin abin da nake faɗa ba, amma ya gane na zo ɗaukar 'yarsa ne. Ya ce alhamdu lillahi, ya ce in shiga. Tana ƙofar ɗakin mahaifiyarta tana tsince wake a faifai. Ta rame. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Na tsuguna na ajiye mata hular a kan faifan, na ba ta labari tun daga farko, har wankin da nake yi a ɓoye, wanda ita ma sai ranar ta sani. Ina magana ina murna, jira nake ta yi murna.

Ta ɗauki hular ta juya ta, ta bi tsagar da farce. Ta ce, "Wato saboda ni kake wanke ta."

Na ce, "Saboda ke."

Ta yi ɗan murmushi, ya ɓace. Ta ce, "Ka iya ɗibar ruwa da asuba saboda ni, amma ba ka iya buɗe baki a gaban mutane ka ce ba ni ba ce." Ta ajiye hular. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta, ta ce, "Malam, da ba a ga tsagar nan ba fa?"

Na ce, "Ai Allah ya sa an gani."

Ta ce, "Haka ne." Ta tashi ta ɗauko ƙullin kayanta.

Ta dawo. Baffa da aka nuna masa hular ya ce Allah ya kyauta, daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma ba ta haƙuri ba. A tasha har aka sami masu cewa ai ita ta tsaga hular. Mun zauna da ita shekaru masu yawa, ta haifa min 'ya'ya, ta riƙe ni lokacin da idona ya fara hana ni tuƙi, ba ta taɓa yi min gori da abin da ya wuce ba, ba ta kuma sake yi min tambayar nan ba. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata. Sai in ce bari a gama biki, bari ta warke, bari a sha ruwa. Rannan da hantsi ta ce kanta na ciwo, kafin azahar an rufe ta.

Ta tafi ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta rufa min asiri, wannan ne ba zan taɓa ganewa ba. Lokacin da ta yi min tambayar, ina tsugune a gabanta ina ambaton Allah, amsarta na cikin aljihun rigata, a ninke, da rubutun hannuna.